Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar NASRDA: A Ware Wa Yaranmu Marasa Lafiya Gurbi A Cikin Kumbon

Zuwa ga Babban Daraktan Hukumar Bincike da Bunƙasa Harkokin Sararin Samaniya ta Ƙasa, NASRDA, Lugbe, Abuja.

Kwafi ga Ministan Lafiya da Walwalar Jama'a, da shugabannin Cibiyar Bincike da Magance Cutar Daji ta Ƙasa, NICRAT.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da dukkan abokan aikinka, ina rubuto maka wannan wasiƙa ne da yawun wasu iyaye da masu jinya waɗanda 'ya'yansu ke fama da cutar daji ko ciwon sikila a nan Abuja da kewaye. Mu ba ƙungiya ba ce mai rajista ko ofis. Bencin jira na ɗakunan jinyar yara ne ya haɗa mu, wasunmu daga Kubwa da Nyanya da Gwagwalada, wasu daga Zuba da Suleja da Mararraba, wasu kuma tun daga Keffi da Jos suke tasowa idan ranar ganin likita ta zagayo. A cikinmu akwai Musulmi akwai Kirista, akwai ma'aikacin gwamnati, akwai ɗan acaba, akwai mai sayar da abinci a bakin tasha. Ni malamin sakandare ne mai koyar da labarin ƙasa, kuma mahaifin yarinya mai sikila, shi ya sa 'yan'uwa suka ɗora mini nauyin rubuta abin da muka daɗe muna tattaunawa a tsakaninmu.

A watan Yunin 2024 hukumarku ta sanar da cewa ta rattaba hannu kan yarjejeniya da wani kamfanin Amurka mai suna SERA, domin a bai wa ɗan Najeriya kujera a kumbon New Shepard na kamfanin Blue Origin. Sannan a watan Agustan 2025 aka kai 'ya'yan agushi na ƙasar nan tashar binciken sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, aka kuma dawo da su domin masana su duba abin da tafiyar ta yi musu. Ga duk wanda ya bibiyi aikin nan tun kafa hukumarku a 1999, wannan sauyi ne babba. NigeriaSat-1 da aka harba daga Rasha a 2003, da NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X na 2011, da tauraron sadarwa NigComSat-1R da aka harba daga China a ƙarshen 2011, duk sun yi tafiyar da babu dawowa, ba wanda zai sake riƙe su a hannu. Yanzu kuwa mun shiga zamanin da abin Najeriya zai je sama ya dawo gida, kuma duk abin da ya je ya dawo yana da daraja a kasuwar duniya. Roƙonmu shi ne a ware ɗan gurbi a cikin irin wannan tafiya domin ɗaukar ƙananan kayan tarihi, a yi gwanjonsu a bainar jama'a bayan sun dawo, a biya wa yara marasa galihu kuɗin magani da abin da aka samu.

Ba mu muka ƙirƙiro dabarar ba. A ranar 15 ga Satumban 2021 kumbon kamfanin SpaceX ya tashi daga jihar Florida ɗauke da mutum huɗu waɗanda babu ƙwararren ɗan sama jannati ko ɗaya a cikinsu, suka yi kwana uku suna kewaya duniya. An raɗa wa tafiyar suna Inspiration4, kuma attajirin da ya ɗauki nauyinta, Jared Isaacman, ya ɗaura ta tun daga farko a kan tara dala miliyan 200 ga asibitin yara na St. Jude da ke birnin Memphis. Ɗaya daga cikin matafiyan, Hayley Arceneaux, an yi mata jinyar dajin ƙashi a wannan asibitin tana da shekara 10, ta warke, ta yi karatu, ta dawo tana aiki a cikinsa, ta kuma je sama tana da shekara 29 da ƙarfe a cikin ƙafarta. Sun tafi da riguna masu ɗauke da zanen yaran da ke kwance a asibitin, da agogunan hannu, da wata ƙaramar jita da ɗayansu ya kaɗa a can, aka yi gwanjon irin waɗannan kaya domin asibitin. Abin da aka tara gaba ɗaya ya haura dala miliyan 240. Asibitin nan, wanda aka buɗe a 1962, ba ya karɓar ko sisi daga iyayen yara, ko na magani ko na mota ko na masauki ko na abinci, kuma nau'in dajin jinin da ya fi kama yara, wanda a lokacin buɗe shi yara 4 cikin 100 ne ke tsira daga gare shi, yau 94 cikin 100 ne ke tsira a can.

Ba ma so mu ruɗi kanmu ko mu ruɗe ka. Mafi yawan kuɗin can ba daga gwanjo ya fito ba. Isaacman shi kaɗai ya yi alƙawarin dala miliyan 100 tun kafin a tashi, Elon Musk mai kamfanin SpaceX ya ƙara miliyan 50 bayan an sauko, ga kuma dubban masu ƙaramin ƙarfi da suka ba da abin da ya sawwaƙa. Gwanjon ya jawo hankalin jama'a ne, ya kuma bai wa masu hali dalilin buɗe hannu. Haka nan tafiyar New Shepard ba ta wuce minti goma sha ɗaya ba, kumbon ya ƙetare kilomita 100 daga doron ƙasa ya dawo, don haka abin da ya bi shi ba zai yi tsadar rigar da Buzz Aldrin ya sa a tafiyar Apollo 11, wadda ta fara kai mutum duniyar wata, ba, rigar da aka sayar kusan dala miliyan 2.8 a 2022. Sai dai akwai darajar da ba a samunta sau biyu, wato kasancewar abu shi ne na farko. Tutar da ta yi rakiyar ɗan ƙasa na farko da hukumarku ta tura, banki ko kamfanin sadarwa ko attajirin Abuja da Kano da Legas zai so a ce a ofishinsa take rataye, kuma a lissafinmu na iyaye, abin da masu hali ke gani ƙaramin kuɗi ne yakan zama jinyar yaro tun daga farkonta har ƙarshe.

Kukanmu na farko shi ne yadda zancen tafiyar nan ya tsaya a kan wane ne zai je. An yi ta muhawara a kafafen yaɗa labarai kan zaɓen matafiyi, kan shiyyar da zai fito, kan ko ƙasa mai fama da tsadar rayuwa ta cancanci shiga irin wannan harka, amma abin da zai riƙe a hannunsa, da wanda zai mallake shi bayan ya dawo, da amfanin da talaka zai gani, duk an bar su a gefe. Ni mai kare aikinku ne a gaban ɗalibaina. Nakan gaya musu cewa hoton tauraron ɗan'adam ne ke nuna inda ambaliya za ta ci da inda hamada ke matsowa, cewa NigeriaSat-1 ya ɗauki hotunan ɓarnar guguwar Katrina a Amurka a 2005, cewa akwai cibiyar nazarin irin waɗannan hotuna a Jos. Amma wannan bayani ba ya shiga kunnen uwar da ke riƙe da takardar magani ba ta da kuɗin saye. Muddin ba a ƙulla wata alaƙa da ido ke gani tsakanin abin da ake yi a Lugbe da abin da ke faruwa a ɗakin jinyar yara ba, jama'a za su ci gaba da ɗaukar harkar sararin samaniya a matsayin sha'anin manya, kuma ku ne za ku rasa masu tsaya muku ranar da ake rabon kasafin kuɗi.

Kuka na biyu shi ne ya fi ci mana rai, domin ya shafi matsayin yara a tsarin biyan kuɗin lafiya na ƙasar nan, wanda ya sa muka aika kwafin wasiƙar ga ma'aikatar lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara da matasa kusan 400,000 ne ke kamuwa da cutar daji kowace shekara, kuma yayin da fiye da 80 cikin 100 ke warkewa a ƙasashe masu arziki, a ƙasashe irin namu da yawa ba a kaiwa 30 cikin 100. A 2018 hukumar ta ƙaddamar da shiri tare da asibitin St. Jude ɗin nan domin a kai 60 cikin 100 kafin 2030. A ɓangaren sikila kuwa babu ƙasar da ta kai Najeriya, inda ake haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ciwon a kowace shekara. Duk da haka, lokacin da gwamnatin tarayya ta fara asusun tallafa wa masu cutar daji, da dajin mama da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza ta fara, dukkansu cututtukan manya ne. A nan Abuja shugabannin Afirka suka yi alƙawari a watan Afrilun 2001 cewa za su riƙa ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, amma namu ya daɗe yana yawo a wajen kashi 5. An sa hannu kan dokar inshorar lafiya ta tilas a 2022, amma har yanzu fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun marasa lafiya da danginsu yake fita. Abin takaicin ma, babban asibitin ƙasa da ke Abuja an kafa shi ne tun asali da sunan asibitin mata da yara, wanda ke nuna cewa an taɓa sanin inda buƙata ta fi tsanani.

Sakamakon wannan shi ne abin da likitoci suka fi tsoro, wato yanke jinya a tsakiya. Akwai wata baiwar Allah daga wajen Suleja da muka yi zaman jinya tare a wani babban asibiti, ɗanta bai wuce shekara shida ba, ya zo da kumburin muƙamuƙi irin na dajin da ake kira Burkitt, wanda ya fi yawa a yankunan zazzaɓin cizon sauro. Wannan nau'i yana jin magani da sauri idan aka kama shi da wuri, kuma haka aka gani, domin bayan zagayen farko na allurar da ake sakawa ta jijiya kumburin ya sace, yaron ya fara cin tuwo yana wasa da sauran yara. Tana da wata baƙar leda da take adana rasit a ciki, ta ninke kowanne gida huɗu, na gwajin jini daban, na magani daban, na ledar jini daban, kuma takan fito da su da dare ta jera a kan tabarma tana lissafi da yatsa. Keken ɗinkinta ne ya fara tafiya, sai 'yan kunnenta na aure, sai akuyoyin da ta bar wa ƙanwarta kiwo. Ma'aikatan jinya sun yi mata karo-karo daga aljihunsu har inda ƙarfinsu ya kai. Da mijinta ya zo ya ga fuskar yaron ta koma daidai, ga kuma bashi ya yi masa katutu, sai ya ce a sallame su, likita ya yi ta roƙonsa yana cewa, "Malam, ciwon nan bai mutu ba, kwantawa ya yi," amma ya sa hannu suka tafi. Bayan 'yan watanni suka dawo da kumburin ya mamaye har ciki, kuma wannan karon maganin bai ci ba. Allah ya jiƙan yaron. Ba wanda zai zargi uban, domin ba ƙin ɗansa ya yi ba, hanya ce ta ƙare masa, kuma abin da ya rage a biya a lokacin bai kai kuɗin da ake kashewa a liyafar yini ɗaya a garin nan ba.

Masu sikila kuma nasu ba ya ƙarewa. Maganin haidroksiyuriya da ke rage yawan tashin ciwon kullum ake shansa, ga gwajin jini a kai a kai, ga ƙarin jini idan ya kama, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashin magunguna ya yi tashin da ya sa iyaye da yawa suka koma ba yaro magani yau su tsallake gobe. Wanda ya taɓa kwana yana danna wa 'yarsa ƙafa da tsumma mai ɗumi cikin sanyin hunturu tana kuka ya san abin da tsallake maganin ke jawowa.

Kuka na uku ya shafi yadda ake neman taimako a ƙasar nan, kuma shi ne ya sa muka zaɓi gwanjo a kan taron ƙaddamar da gidauniya da aka saba. Da yawanmu mun halarci irin wannan taro a wani babban ɗakin otal a Abuja, inda aka gayyato mu da yaranmu aka zaunar da mu a gaba. Mai gabatarwa yana kiran suna yana faɗin miliyoyi, ana tafi, masu ɗaukar hoto suna haskawa, har wasu iyaye suka fashe da kukan murna. Da 'yan kwamiti suka fara bin alƙawuran sai waya ta daina shiga, wani aka ce ya yi tafiya, wani aka ce a dawo bayan biyan albashi, abin da ya shigo hannu kuma kuɗin ɗaki da abinci suka cinye mafi yawansa. Wanda bai samu irin wannan taro ba sai ya koma Facebook, ya ɗauki hoton ɗansa tsirara da ciwonsa a fili ya sa lambar asusu a ƙasa, hoton ya yi ta yawo har bayan yaron ya warke ko ya rasu, wani lokaci ma macuta su ɗauke shi su canja lambar asusun. Wannan ya zubar da mutuncin yara, ya kuma sa masu niyyar alheri ɗari-ɗari da kowane roƙo. Gwanjo yana toshe babbar kafar nan, saboda ba a miƙa wa mutum kaya sai ya biya. Malaman fiƙihu sun halatta cinikin wa-zai-ƙara, abin da shari'a ta hana shi ne najashi, wato mutum ya riƙa ɗaga farashi alhali ba shi da niyyar saye, kuma wannan ƙa'ida ce da Musulmi da Kirista a cikinmu duk suka yarda ta dace da abin da muke nema.

Kuka na huɗu tsoro ne na abin da zai faru idan aka tafi babu rubutacciyar doka. Amurka da kanta ta sha wannan darasi. A 1971 'yan sama jannatin Apollo 15 sun tafi da ambulan masu kan sarki kusan 400 ba tare da izini ba, 100 daga ciki suka faɗa hannun wani dillali a Jamus ta Yamma, abin ya zama abin kunya har aka tsawatar musu, kuma babu ɗayansu da ya sake zuwa sama. Jakar da Neil Armstrong ya zuba samfurin ƙasar duniyar wata a cikinta, kuskuren rajista ya sa gwamnati ta yi gwanjonta dala 995 a 2015, kotu ta tabbatar wa matar da ta saya, ita kuma ta sayar da ita dala miliyan 1.8 a 2017. Sai a 2012 majalisar dokokinsu ta yi dokar da ta fayyace abin da tsofaffin 'yan sama jannati za su iya mallaka. Idan haka ta faru inda ake taƙama da adana bayanai, to mu da muka san yadda gwanjon motocin gwamnati kan ƙare a hannun na-gida tun kafin a sanar, muka kuma san al'adar miƙa wa babban baƙo kyautar duk wani abu mai daraja a ziyarar ban-girma, muna da dalilin fargaba. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo. A rubuta cikin yarjejeniyar tafiyar, ko da wane kumbo za a yi ta kuma ko yaushe ta tabbata, cewa an ware wani ɗan nauyi, ko da rabin kilo ne, domin kayan wannan gwanjo. Takarda da ƙyalle ba su da nauyi, kuma gidauniyar Club for the Future ta kamfanin Blue Origin ta sha tura katunan da 'yan makaranta suka zana a cikin kumbon New Shepard tana maido musu da su da hatimi. A ɗauki ƙananan tutocin ƙasa, da kan sarki na musamman da za a buga tare da hukumar gidan waya, da zanen da yara za su yi a kan gadajensu na jinya a Abuja da Gwagwalada da Lamingo a Jos da Shika a Zariya da Kano da Maiduguri da Ibadan da Enugu, domin kada wata shiyya ta ga an bar ta a baya. Ba mu ce a sayar da 'ya'yan agushi ko wani kayan bincike ba, waɗannan na masana ne. Duk wanda aka zaɓa ya yi tafiyar kuma, muna so ya je da ƙafarsa ya karɓi zanen daga hannun yaran, ya kuma koma ya ba su labari idan ya dawo.

Kafin a rufe jakar, a ba kowane abu lamba, a ɗauki hotonsa, a buga jerin a shafin hukumar da jaridu, a kuma tanadi takardar shaida mai sa hannun matafiyin da hukumar da kamfanin kumbon. A ware kaso ɗaya da ba za a taɓa sayarwa ba, a kai shi gidajen tarihi irin na Jos da aka buɗe tun 1952, domin ɗan talaka ma ya gani da idonsa. Ban da wannan kaso, kada a bai wa kowa kyautar ko da tuta ɗaya, komai girman muƙaminsa. Wanda yake so ya zo ya taya kamar kowa.

A yi gwanjon a fili, a watsa shi kai tsaye ta rediyo da talabijin da intanet cikin manyan harsunan ƙasar, yadda 'yan Najeriya mazauna waje za su iya tayawa. Duk mai son shiga ya ajiye kuɗin kafin alƙalami, wanda ya ci ya biya cikin kwanakin da aka ƙayyade, in ya kasa a bai wa na bayansa. A bar wasu katuna da kan sarki a kan farashi tsayayye mai sauƙi domin malamin makaranta da ɗan kasuwa su ma su sa hannu. A tafiyar Inspiration4 an ba da kujera ɗaya ta hanyar ƙuri'a tsakanin masu ba da gudummawa, amma mu ba ma son a kwaikwayi wannan ɓangare, domin mutanenmu da yawa za su ɗauke shi caca su janye jikinsu. Muna kuma roƙon hukumarku ta yi amfani da girmanta wajen neman bankuna da kamfanoni su yi alƙawari a rubuce cewa za su ninka duk abin da gwanjon ya tara.

Maganar inda kuɗin zai shiga ita ce ta fi buƙatar a zauna da lauyoyi tun yanzu. Tun 2015 kuɗin shiga na hukumomin tarayya asusun bai-ɗaya na TSA yake faɗawa, kuma dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 tana da nata sharuɗɗan kan sayar da kadarar hukuma. Idan aka bari kayan nan suka tashi da sunan kadarar gwamnati, kuɗinsu zai bi hanyar baitulmali, yaro kuma ba zai iya jiran a sako shi ba. Don haka a ayyana su tun farko a matsayin mallakar wani asusun amana na daban, wanda amintattunsa za su haɗa da likitocin yara da wakilan iyaye da malaman addinai biyu da mai binciken kuɗi mai zaman kansa. Kada a cire kuɗin taro ko na talla daga ciki. Kada kuma a miƙa wa iyaye tsabar kuɗi, ko da mu ne muka roƙa, domin mun san matsin da ke jiran mutum a gida. A biya kai tsaye ga kantin maganin asibiti da ɗakin gwaji da bankin jini, a haɗa da kuɗin mota da na abincin mai jinya, tunda waɗannan ƙananan abubuwa ne kan fara karya iyali. Abin da muka fi nanatawa shi ne idan an ɗauki yaro a ɗauke shi har ƙarshen jinyarsa. Mun tattauna wannan da zafi a tsakaninmu, saboda yana nufin wasu ba za su samu ba, amma mun ga da idonmu cewa rabin maganin daji ba ya ba da rabin lafiya, kuma gara a warkar da kaɗan sarai da a yayyafa wa da yawa abin da ba zai kai kowa gaci ba. Likitoci ne za su zaɓa bisa ƙa'idar da aka rubuta, ba da katin wani babba ba, kuma a riƙa buga abin da ya shiga da abin da ya fita duk bayan wata uku.

Muna roƙo kada a nuna fuskar yaro ko ciwonsa a wajen talla sai da yardar iyayensa a rubuce, kuma kada a sa wannan yarda ta zama sharaɗin samun tallafi. Zanen da yaro ya yi ya isa ya yi magana a madadinsa.

Ga ma'aikatar lafiya da cibiyar NICRAT, muna so a fahimci cewa gwanjo ba zai ɗauke wa gwamnati nauyin da ke wuyanta ba. Tafiya ɗaya ce, kuɗinta kuma zai ƙare. Muna neman a ba dajin yara da sikila kaso bayyananne a cikin asusun tallafin cutar daji da asusun marasa galihu na inshorar lafiya, a kuma faɗaɗa gwajin sikila ga jarirai tun a ɗakin haihuwa, sannan ku ba da likitocinku su zauna cikin amintattun wannan asusu.

Mai yiwuwa a ce tara kuɗin magani ba ya cikin aikin da doka ta ɗora wa hukumarku. Haka ne, kuma ba mu nemi ku riƙe kuɗin ko ku raba magani ba. Abin da ke hannunku ku kaɗai shi ne gurbin da ke cikin kumbon da kuma hatimin da zai tabbatar cewa abu ya je sama ya dawo, kuma su kaɗai muke nema. Muna roƙon ka ba wakilanmu dama su gana da kai ko da wanda ka wakilta a Lugbe, tare da likitocin da ke duba yaranmu, domin mu gabatar da wannan tsari dalla-dalla. Muna kuma ba da shawarar a sanar da matsayar hukumar a makon sararin samaniya na duniya da ake yi daga 4 zuwa 10 ga Oktoba, a sa ranar gwanjon kuma ta dace da 15 ga Fabrairu, ranar yaƙi da dajin yara ta duniya, a shekarar da ta biyo bayan tafiyar. Za mu yi farin cikin samun amsarka a rubuce, ta hanyar da wannan wasiƙa ta iso gare ka.

Allah ya yi maka jagora, ya bai wa marasa lafiyarmu sauƙi.

Naka cikin girmamawa,
Wani malamin makaranta daga Kubwa, Abuja,
a madadin iyaye da masu jinyar yara masu cutar daji da sikila.